Sawun Haƙori a Kan Jita

Jakar Sama'ila ta kwana uku a bakin ƙofar zaure. Baƙar jaka ce, zif ɗinta ya mutu, an ɗaure ta da igiyar rama. Malam Abdulrazak, tsohon hedimastan firamare a Boɗinga, ya yi tuntuɓe da ita sau biyar, bai ce a ɗauke ta ba. Cewa a ɗauke ta roƙo ne, shi kuwa bai taɓa roƙon ɗansa komai ba.

Ran Asabar motar albasa za ta tashi daga Danchadi zuwa Fatakwal, kuma mai motar ya yi wa Sama'ila alkawarin rumfa a kasuwar can. Malam ya san yadda irin wannan tafiya take ƙarewa. Shekarar farko mutum yakan zo da Sallah. Ta biyu ya aiko da turare da shadda. Ta uku sai gaisuwa ta waya, ita ma in an yi sa'a. Haka yayyen Sama'ila uku suka yi. Shi ne auta, shekararsa ashirin da shida, kuma tun rasuwar mahaifiyarsa Nana Hauwa su biyu kaɗai suka rage a gidan da aka gina don mutum shida.

Abu ɗaya ne zai hana tafiyar. A Shagari akwai wani Ɗantani mai ƙungiyar kiɗan biki, wanda mai kaɗa masa jitar bes ya tsere Kano da jitarsa. Jitar bes ita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake jona wa lantarki, sautinta ya fi shiga ƙirji fiye da kunne. Shekara uku Sama'ila yana koyonta da ta aro. Ɗantani ya ce duk wanda ya zo gwajin ranar Juma'a da jitar kansa, gurbin nasa ne, kuma akwai bukukuwa a jere har faɗuwar damina.

Ran Litinin Sama'ila ya je Sakkwato. Jitoci masu kyau na shagunan birni farashin bijimi ne, shi kuwa abin da ke aljihunsa amfanin fadamar albasa ɗaya ne. Ya dawo hannu wofi, a daren ranar ya ɗaure jaka.

Yau Alhamis.

Tun da hantsi Malam ya kasa zama. Ya buɗe littafi, ya karanta shafi ɗaya sau uku, ya rufe. Ya ja kujera zuwa inuwar dalbejiya, inuwar ta matsa, ya bi ta, ya gaji da bin ta. Ya kunna rediyo, ya tarar ana hira da wani mutum da ya san komai, ya kashe. Bazara ta yi tsanani, iska ba ta motsi, warin albasar da ake shanyawa a bayan gari ya cika unguwa.

Sama'ila ya fito yana sa takalmi.

"Ina aka nuhwa?" in ji Malam, idonsa a kan littafin da ke rufe.

"Shagari, Baba. An ce Ɗanbaba mai hayar sifika yana da jita uku. Kayan wasu makaɗan siyasa ne da sunka watse bayan zaɓe."

"To. Kayan marasa aiki za su koma hannun mara aiki. An yi adalci."

Sama'ila ya ƙarasa sa takalminsa. Ya saba. Ya kai ƙofa sai ya ji ƙarar sandar ubansa a bayansa.

"Ina da wanda za ni gani Shagari," in ji Malam. "Kak ka ɗauka kai nika bi."

Babu wanda zai gani a Shagari. Duk abokansa na can suna maƙabarta, ban da ɗaya, shi kuma ba sa magana.

A motar haya an cusa su huɗu a baya. Sama'ila ya fito da waya yana nuna wa ubansa hotuna: jitoci ja da shuɗi da fari, kowace da jerin taurari a ƙarƙashinta, da dogon bayani na waɗanda suka ce sun gwada.

"Na karanta su," in ji Malam.

"Yaushe?"

"Jiya, da ka bar wayar kan tabarma. Dut na karanta. Mutanen kirki ne, sun iya rubutu. Sai dai ba wanda ya taɓa kwana Sakkwato watan huɗu cikinsu. Wani na kukan damshi ya ɓata mai jita. Damshi! Allah shi ba mu irin matsalarshi."

Wata tsohuwa da ke gefe ta yi dariya ba tare da ta san zancen ba. Malam ya juya ya kalli gonaki da suka bushe, da rumfunan albasa a bakin titi, da buhuna jajaye a jere suna jiran mota. Ƙafarsa tana bugun ƙasan motar, bai sani ba.

Akwai abin da Sama'ila bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a Boɗinga. Mahaifin Malam Abdulrazak ba manomi ba ne, ko da yake haka Malam ya rubuta a kowace takarda tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Sunansa Altine, Altine mai garaya na Horo Birni, wanda yake sassaƙa garaya ya kuma kaɗa ta ga mafarauta, da ga wasu da ba a faɗar sunan taronsu a gaban malamai. Malam ya bar ƙauyen zuwa makarantar kwana bai waiwaya ba. Da ya nemi auren Nana Hauwa, 'yar gidan limamai, manomi ya ce musu, kuma a lokacin Altine ya riga ya rasu, babu mai ƙaryata shi. Ita ta gano a shekara ta biyu. Ta riƙe bakinta shekara talatin da ɗaya, ta tafi da shi. Saboda haka ranar da Sama'ila ya fara shigowa gida da jitar aro, abin da Malam ya ji ba fushi ba ne kawai. Ya ji kamar wani mataccen da aka binne da kyau ya yi sallama a zaure.

Shagon Ɗanbaba yana bakin tasha, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, cike da sifikoki manya kamar akwatunan lefe, da wayoyi a naɗe a ƙusa. Ɗanbaba dattijo ne mai ƙiba da jan haƙorin goro. A bakin shagon akwai benci, a kan bencin mutum biyar da rashin wuta ya mayar 'yan kallo. Ɗayansu, Anas mai cajin waya, ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Hedimasta! Ranka shi daɗe. Ka tuna ni? Aji shida, shekarar da anka yi ambaliya."

"Na tuna. Har yau ba ka kawo aikin gida ba."

Benci ya kwashe da dariya. Aka ba Malam kujera, ya ƙi zama.

Ɗanbaba ya fito da jita biyu ya jingina da sifika. Ɗaya baƙa ce, wuyanta ya lanƙwashe har makaho zai gane, tsirkiyoyin sun yi nisa da itace kamar igiyar shanya. Sama'ila ya ɗaga ta ya mayar. Ɗayar kuwa ja ce, ja mai sheƙi, da farin ƙarfe a ko'ina, har ledar kamfani ba a gama ɓarewa ba. Mutum yana ganin fuskarsa a jikinta.

"Wagga sau biyu anka kaɗa ta," in ji Ɗanbaba. "Ran da ɗan takara ya zo, da ran da ya hwaɗi. Daga Ikko ta zo cikin kwali. Samari, mutanen yanzu da ido suka sauraren kiɗi. Ka tsaya da wagga gaban amare, ko ba ka iya ba an ce ka iya."

Sama'ila ya rataya ta. Ba nauyi. Ya kalli kansa a gilashin taga, kuma Malam ya ga abin da ya faru da fuskarsa. Haka fuskar yayansa ta yi ranar da ya fara ganin babbar mota.

"A jona ta mu ji," in ji Malam.

"Da mi, Hedimasta? Kwana huɗu ba wuta. Inji ɗaya yana wurin biki Horo Birni, ɗayan yana wurin makaniki tun azumin bara. Sai gobe da rana, in Allah ya yarda."

Gobe da rana ne gwajin Ɗantani.

Sama'ila ya ɗan kaɗa tsirkiyoyin. Jitar lantarki in ba wuta ba ta da murya, sai ɗan ƙis-ƙis kamar ƙwaro a cikin kwalba, ga ƙarar babura daga tasha. Ya sa kunne, bai ji komai ba, ya yi kamar ya ji. Sai kawai ya buɗe baki ya taya. Bai taya rabi ba, bai taya kashi biyu cikin uku ba. Ya faɗi duk abin da ke aljihunsa, lokaci ɗaya.

'Yan benci suka kalli juna.

"Albarka," in ji Ɗanbaba, amma a hankali ya faɗa, yana murmushi.

Duk wanda ya taɓa sayen akuya ya san wannan albarkar. Ta farko ce, ta al'ada, wadda mai kaya yake faɗa don kada a ce ya ƙosa. In mai saye ya sake maimaita tayinsa, amsa ta biyu ita ce "na sallama". In kuwa an sallama a gaban shaidu, an gama. Ba a fasa tayi. Wanda ya fasa, ba zai sake sayen ko allura a garin ba tare da an tuna masa ba. Sama'ila ya ja numfashi zai maimaita.

"Ba ni ita," in ji Malam.

"Baba..."

"Ba ni ita, na ce."

Ya jingina sandarsa da bango. Ya karɓi jitar, ya auna ta a tafin hannu, ya yamutsa fuska. Ya ɗora gindinta a kan takalminsa, ya rufe ido ɗaya, ya bi tsawon wuyan da kallo kamar mai duba ko bindiga ta miƙe. Ya ƙwanƙwasa bayanta da gaɓar yatsa, nan da can. Sannan ya goga babban yatsansa a gefen wuyan, daga sama zuwa ƙasa, inda ƙananan ƙarafuna suke jere a gicciye. Ya ɗago yatsan ya nuna wa ɗansa. Akwai siririn jan layi, jini yana tsattsafowa.

"Ka gani? Icen ɗanye ne. Can bakin ruwa anka yi ta, ta zo nan zahi ya kama ta, icen ya tsuke, ƙarhen bai tsuke ba, ga bakinshi ya hito. Wata biyar ke nan kacal. Ba ta gama tsukewa ba. Kahin damina wuyanta ya bi na waccan baƙar."

"Ana goge su da zarto, Baba. Na gani a waya."

"Ana gogewa. Wannan murhin baya na mine ne?"

"Batir," in ji Ɗanbaba. "Ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu."

"Ana sayar da shi Shagari?"

"Sakkwato dai."

"To. Ran da ya mutu tsakiyar biki sai a roƙi amarya ta jira a je Sakkwato."

Anas ya yi dariya, sauran suka bi. Sama'ila bai yi ba. Ya matso kusa da ubansa.

"Baba, dut wannan gyara ne. Murya ita a magana, kuma ba mai jin muryarta sai da wuta. Ni ko ba ni da gobe. Ko in saye ta yau, ko in bi albasa. Ka bari in gama cinikina."

Gaskiya ya faɗa, kuma Malam ya sani. Ya tsaya da jitar a hannu. Ya kalli benci: mutum biyar, ɗaya tsohon ɗalibinsa, da waya a hannu. Ya kalli Ɗanbaba. Ya kalli titi, inda wata motar albasa take wucewa a hankali, samari uku zaune a kan buhuna, ƙafafunsu na lilo.

Akwai hanyar jin muryar itace ba tare da wuta ba. Ya gan ta sau ɗari a ƙarƙashin wata tsamiya a Horo Birni, kuma shekara hamsin da biyar yana ƙoƙarin mantawa. Ba a koyar da ita a littafi. Duk wanda ya yi ta a gaban mutane ya faɗi sunan gidansu.

"An ce uku gare ka," in ji shi. "Ina ta ukun?"

Ɗanbaba ya yi dariya. "Wannan ba ta sayarwa ba ce, Hedimasta, kunya ce. Da ita nika tokare taga."

"Kawo kunyar."

Aka ciro ta. Launinta ya taɓa zama ruwan ƙasa. Inda hannu yake gogawa fenti ya tafi, itace ya yi baƙi da gumin wani. Zanzaro ya yi gini a kusa da maɗaurin tsirkiya. Ɗaya daga kunnuwan ɗaure tsirkiya ba irin sauran ba ne. Ɗanbaba ya ce makaɗan siyasar ma a gwanjo suka same ta, daga wani coci a Sakkwato inda ta yi kusan shekara ashirin. Tana da nauyi kamar taɓarya.

Malam ya ɓare ginin zanzaron da farce. Ya duba wuyan da ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa. Ya goga yatsa a gefen, sumul. Ya kama wuyan da jikin ya murɗa, ba motsi. Ya ɗaure tsirkiyoyin, ya saki, ya sake ɗaurewa, kunnuwan suka riƙe. Ya ciro makullin gidansa ya kusantar da shi ga baƙin abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, makullin ya manne da ƙarfi.

Sannan ya cire hularsa ya miƙa wa Sama'ila. Ya ɗauki jar jitar tukuna. Ya goge ƙarshen kanta da hannun riga, ya buɗe baki, ya sa haƙoransa a kan itacen, ya cije. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Da ɗayan hannun ya ja tsirkiya mafi kauri ya saki.

Wani mai babur da ya zo wucewa ya tsaya. Hedimastan Boɗinga, mai shekara sittin da bakwai, wanda ba a taɓa ganin kansa ba hula ba, yana tsaye a bakin tasha da jita a baki kamar kare da ƙashi. Anas ya ɗaga waya.

Malam ya saki ja, ya ɗauki tsohuwar, ya yi mata haka. Wannan karon ya daɗe. Ya rufe ido. Ya danna tsirkiyar a wuri na uku, na biyar, na bakwai, yana ja yana jira, yana ja yana jira, har ya gama duka huɗun.

"La ilaha illallahu," in ji Ɗanbaba a hankali. Dariyar ta bar fuskarsa. "Mutum ɗaya na taɓa gani yana haka. Ina yaro, Horo Birni. Altine mai garaya. In ya sare ice sai ya cije shi kahin ya sa mai hwata." Ya matso yana kallon fuskar Malam, goshin, da hancin. "Kai... Altine na da ɗa da boko ya ɗauke."

Malam ya cire jitar daga bakinsa. Ya goge leɓe.

"Yana da," in ji shi.

"Subhanallahi! Audu! Kai ne Audun Altine!"

"Ni ne. Ka gama? In ka gama akwai ciniki."

Benci ya ɓarke. Wani yana salati, wani yana tafa hannu, wani yana tambayar wane Altine. Anas bai sauke wayar ba. Sama'ila yana riƙe da hular, bakinsa a buɗe.

"Rufe bakin nan, ko ka sa shi aiki," in ji Malam. "Zo. Cije ja. Kak ka ji tsoro, ba ta rama. Toshe kunne. Ja babbar, ka ƙirga har ta mutu."

Sama'ila ya kalli mutane, ya kalli ubansa, ya cije. Sautin ya shigo masa ta haƙori ya hau cikin kai, siriri, da ɗan karkarwa a gefensa kamar kwano a kan injin niƙa. Ya ƙirga da yatsu. A na huɗu ya mutu.

"Yanzu waccan."

Ya cije tsohuwar, a daidai inda haƙoran ubansa suka bar sawu. Ya ja. Idonsa ya buɗe. Sautin bai tsaya a kai ba, ya sauka ta wuya zuwa ƙirji, mai kauri, a dunƙule, ba kaushi. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, ya sake farawa, suka ƙare. Yana nan yana jin sa a ƙashin haƙarƙari bayan ya daina ƙirga.

"Wagga ta sha zahin Sakkwato shekara ashirin," in ji Malam. "Abin da za ta tsuke ta tsuke. Abin da za ta lanƙwashe ta lanƙwashe. Ba batir gare ta ba, ba abin mutuwa. Amma ka ji da kyau: ice na sani. Waya ba sana'ar ubana ba ce. Maganaɗisun na da rai, iyakar abin da na iya hwaɗi ke nan. Ana iya jona ta gobe ta yi shiru. In ta yi shiru, ni na sa ka."

Sama'ila ya sake kallon jar. Ta yi kyau ƙwarai. Ya daɗe yana kallonta, har Ɗanbaba ya fara murmushi. Sannan ya juya ya taya tsohuwar, kuma wannan karon ya taya kamar ɗan gidan mutane, daga ƙasa. Ɗanbaba ya ce albarka sau uku don mutunci, ya koka da cewa yanzu ba abin tokare taga, ya sallama. Abin da ya rage ya isa sabbin tsirkiyoyi.

"Audu," in ji Ɗanbaba da za su tafi, "wallahi ubanka in ya kama garaya har jakai na tsayawa."

"Na sani," in ji Malam. "Ina wurin."

Suka shiga mota. Jitar tana kwance a kan cinyoyinsu su biyu, naɗe da buhu. Kafin su isa Boɗinga hoton ya riga su. Mai shayin bakin tasha ya ga Malam, ya sa ludayi a baki ya cije, abokan hirarsa suka faɗi da dariya. Wani dattijo daga dangin Nana Hauwa, wanda shekara talatin yake fara gaishe shi, ya ga wani abu mai muhimmanci a ɗaya gefen titi. Malam ya wuce da sandarsa, bai ƙara sauri ba, bai rage ba.

Ran Juma'a Sama'ila ya tafi da sassafe don ya biya wurin mai gyaran rediyo. Jakar tana nan a bakin ƙofa.

Malam ya je masallaci ya dawo. A sahu an ja jiki an bar masa wuri fiye da yadda ake buƙata. Ya ci tuwo rabi. Ya share tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya tara sharar a wuri ɗaya, iska ta watsa ta. Ya fita zuwa titi, ya dawo. Ya sake fita. Babbar motar ta zo daga Danchadi ta tsaya a bakin hanya ana ƙarasa lodi, mai motar ya hango shi ya ɗaga hannu.

"Hedimasta! Ka hwaɗa ma Sama'ila gobe bayan Asuba za mu ɗaga. Na aje mai wuri gaba."

"Ka aje," in ji Malam.

Ya koma gida ya zauna a zaure, yana fuskantar jakar. Ya tuna cewa zanzaro ba ya gini a waje kawai. Ya tuna cewa shekara ashirin na zafi da ke gyara itace, ita ce ke cinye robar waya. Ya yi tunanin ya sayar da sunansa a bakin tasha don abin tokare taga. Ya tashi ya sha ruwa. Ya dawo.

Rana ta yi ja lokacin da ya ji sallama. Sama'ila ya shigo da jitar a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe da gumi, fuskarsa ba ta faɗi komai ba. Ya jingina jitar da bango a hankali.

"To?" in ji Malam. Bai yi niyyar tambaya ba.

"Da anka jona ta, shiru."

Malam ya kalli ƙasa.

"Waya ɗaya ta cire daga ramin. Mai rediyo bai gani ba da sahe, don shi ma ba wuta. Mai fiyanon Ɗantani ya ɗaure ta da zare, ya ce gobe a liƙe da dalma." Sama'ila ya zauna a kan tabarma ya fara kwance takalmi. "Da ta tashi, Baba, kwanon ruhin ɗakin har rawa yake. Wani ya zo da sabuwa, shuɗiya. Ɗantani ya sa mu kaɗa ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Ya ce ma wancan ya gode."

"Kai hwa?"

"Ya ce jitata abin kunya ce, ran biki in tsaya baya, bayan sifika, kak amare su gan ta. Gobe da La'asar muna Shagari. Jibi Danchadi."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ɗauki littafinsa ya buɗe a ko'ina.

"Baba."

"Mine ne?"

"Kakana. Yana waƙa, ko kiɗi kaɗai?"

A waje ana jin ƙarar masu lodi suna ɗaure tamfol.

"Yana waƙa. Muryarshi ba daɗi. Hannun ne." Ya juya shafi. "Wata rana. Ba yau ba. Yanzu tashi ka ɗauke wannan jakar daga ƙohwa. Kwana huɗu tana neman karya ni."